Baba ya rantse ba zai mayar da ni gidan mijina ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 32, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. Shekara tara muka yi da mijina, ɗan kasuwa ne, muna zaune a Rigasa, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Wata biyar da suka wuce muka samu saɓani a kan albashina. Ya ce in ba shi katin bankina ya riƙe tunda shi ya bar ni nake aiki, na ƙi. Ya fice, can wajen ƙarfe goma na dare sai ga saƙo a wayata wai ya sake ni saki ɗaya, kuma kada ya dawo ya tarar da ni. Na goya ƙaramar da nake shayarwa, na hau Keke zuwa gidanmu a Tudun Wada. Manyan biyu suna hannun mahaifiyarsa har yau. Da aka yi mako biyu babu wanda ya zo, Baba ya sa aka kwaso kayana. Har na cika wata uku ko sisi bai aiko ba.

Yanzu ya dawo yana so a mayar da aure. Kullum da dare sai ya kira, har kuka yake yi, ya ce sharrin shaiɗan ne. Ya turo abokansa biyu wurin Baba, Baba ya ƙi ko fitowa, ya kuma rantse da Allah ba zai sake ba shi aurena ba, in na koma ba da yawunsa ba. Mama ta ce in bi maganar Baba, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni kuwa ina son komawa ko don 'ya'yana, kuma bai taɓa dukana ba. Ya ce in Baba ya kafe, akwai wani baffana da suke shiri da shi, zai ɗaura mana a ɓoye. Ina tsoron bakin iyaye, ina kuma tsoron 'ya'yana su tashi a hannun wata. Anti, yaya zan yi?

Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya kawo miki mafita, ya raya miki yaran nan.

Abin da ya fi hana ki barci shi zan fara taɓawa. Son da kike yi ki koma ɗakinki ba zunubi ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Irin wannan rigimar ta faru tun Annabi (SAW) yana raye, a kanta ma aya ta sauka. Sahabi Ma'aƙil ɗan Yasar ya aurar da 'yar'uwarsa ga wani mutum, mutumin ya sake ta, ya ƙyale ta har idda ta cika, sannan ya dawo neman aurenta. Ma'aƙil ya ce masa, na aura maka ita, na karrama ka, ka sake ta, yanzu kuma ka dawo nema? Wallahi ba za ta koma maka ba har abada. Ita kuwa matar tana son komawa. Sai Allah ya saukar da aya ta 232 a Suratul Baƙara, cewa idan an saki mata suka cika iddarsu, kada a hana su auren mazajensu matuƙar sun yarda da juna bisa alheri. Ma'aƙil ya miƙa wuya, ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya mayar da auren. Labarin yana cikin Buhari da wasu littattafan hadisi. Ki duba yadda maganarsa ta zo ɗaya da ta Baba, har rantsuwar.

Na san yanzu zuciyarki ta ɗan yi sanyi, ƙila har kin fara tunanin wanda zai karanta wa Baba wannan labarin. Dakata tukuna. A cikin ruwayar akwai wata 'yar magana da masu ba da labarin kan tsallake: Ma'aƙil da bakinsa ya shaida cewa mijin nan mutum ne da ba shi da aibu. Wato waliyyin da aka tsawatar wa shi ne wanda ya hana don haushi kawai, alhali ya san mijin mutumin kirki ne. Wanda ya hana don yana hango wa 'yarsa cuta, aikinsa yake yi, don haka ma aka sa shi waliyyi. To Baba a wane ɓangare yake? Ni dai da na karanta wasiƙarki ban ga dattijo mai taurin kai ba. Na ga uban da aka wulaƙanta wa 'ya, aka wulaƙanta shi, kuma har yau ba a zo an ba shi haƙuri ba.

Ke abin da kike tunawa shekara tara ce, da daɗinta da wuyarta, da ranakun suna uku. Baba kuwa abin da ya tsaya masa a rai daren nan ne. Dattijo ya rufe gida ya kwanta, aka ƙwanƙwasa wajen sha ɗaya, ya buɗe ya ga 'yarsa da goyo, da 'yar jaka a hannu, ta keto gari daga Rigasa ita kaɗai. Ya haɗiye, ya jira mako biyu yana sa kunne ko za a yi sallama a ƙofar gida, ko uban yaron, ko baffansa, ko limamin unguwarsu. Shiru. Da kansa ya nemo mota aka kwaso gado da kujeru da kwanuka, maƙwabta na leƙe ta katanga, aka jibge masa a tsakar gida. Shi ya ciyar da ke da goyonki tsawon watannin da ciyarwar take wuyan wani. Bayan wata biyar kuma sai aka aiko masa abokan mijinki, yara biyu sa'o'in 'ya'yansa. Ranar da aka zo neman aurenki, abokai aka turo? Ai manya ne suka zo da manyan riguna, aka shimfiɗa musu tabarma. To don me ranar gyaran ɓarna za a ce abokai sun wadatar? Ƙin fitowar da Baba ya yi, ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Kuma abin da mijinki ya yi ba ƙarami ba ne, ko da yake mun saba ganinsa har ya daina ba mu mamaki. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ cewa ta yi kada a fitar da matan da aka saki daga gidajensu, su ma kada su fita. Wadda aka yi wa saki ɗaya a ɗakinta take idda, ci da sha da sutura suna kan miji, kuma ayar da kanta ta nuna hikimar, ta yiwu Allah ya kawo wani al'amari bayan haka. Da kin yi iddarki a ɗakinki, yana shiga yana fita yana ganinki da yaransa, da wuya a kai mako biyu bai mayar da ke ba, da Baba ma ƙila bai taɓa jin labarin ba. Mu kuwa da an ce saki sai a ce tattara naki ya naki. Hatta dokar ƙasa ba ta ɗauki abin da wasa ba. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta lissafa korar abokin zaman aure daga gida da ƙarfi a cikin laifuka, jihar Kaduna kuma ta yi tata irin dokar a 2018. Ba cewa nake ki kai shi ƙara ba. So nake ki san nauyin abin da aka yi miki, don na lura kin fi Baba saurin yafewa, har kin kafa wa mutumin hujja da cewa bai taɓa dukanki ba. Alhamdu lillahi da bai taɓa ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa ban ce ki cire shi a ranki ba. Amma rashin duka ba ya wanke korar mace mai goyo da tsakar dare.

Saboda haka, ƙanwata, shawo kan Baba ba aikinki ba ne, aikin wanda ya ɓata ne. Duba yadda abin ya juye. Shi yana kwance a ɗakinsa yana kuka a waya, ke ce kike kwana gida ɗaya da Baba da Mama kina shan harara, kina neman wanda zai sa baki, har kina rubuto mini. Ya ɗora miki kayan da shi ya kamata ya ɗauka, ke kuma kin sunkuya kin karɓa. Kuka a waya da dare babu wanda yake gani sai ke, ba ya rage wa namiji komai. Abin da yake masa wuya shi ne ya tuɓe takalmi a ƙofar gidan surukinsa da rana tsaka, ya durƙusa a gaban nasa uban da naki, ya ce Baba na yi ba daidai ba, a yafe mini. Ranar da ya iya wannan, ranar za mu fara maganar ko ya yi nadama.

Akwai wata maganar fiƙihu da ba zan tsallake ba tunda kin ce kina shayarwa. Mutane da yawa sun ɗauka idda wata uku ce ga kowace mace. Wata uku ta wadda al'ada ta ɗauke mata ce saboda girma, ko wadda ba ta fara ba. Mai ciki haihuwa ce iddarta. Mai ganin al'ada tsarki uku take ƙirgawa, wadda kuwa shayarwa ta ɗauke mata jini jira take yi ya dawo sannan ta ƙirga, ko da abin ya ja watanni. In kin ga al'adarki yadda kika saba a cikin watannin nan, to idda ta fita, shi yanzu baƙo ne a wurinki kamar kowane manemi. Komawa sai da sabon ɗaurin aure, da sadaki, da waliyyi, da shaidu, da yardarki, kuma igiya biyu ta rage, sabon aure ba ya dawo da wadda ta tsinke. In kuwa ba ki gani ba, ta yiwu har yanzu ke matarsa ce, ciyarwar duk watannin nan tana kansa, yana kuma da damar mayar da ke ba tare da sabon sadaki ba. Ki je wurin malamarku ta Islamiyya da kwanakinki ta lissafa miki, sannan a tabbatar wurin malamin da ya san fiƙihun aure. Saƙon sakin nan kada ki goge, daga ranar da ke jikinsa lissafi yake tashi. Kuma kada wani ya zo ya ruɗe ki da cewa ai a waya ne, ko ai cikin fushi ne, bai saku ba. Rubutu da niyya saki ne, wanda kuwa hankalinsa ya kai ya ƙirga ya rubuta ɗaya, ya san abin da yake yi. Ko da lissafi ya nuna kina cikin idda, sauran maganata tana nan yadda take, ba sulalewa za ki yi ki koma ba.

Sai maganar yara, wadda a kanta kika rataya komai. Yaran nan ba sai kin koma aure za ki same su ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na jihar nan suke hukunci da ita, uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya'yanta bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Cinsu da suturarsu da maganinsu kuwa a kan uba suke, ko a hannun wa suke zaune. In uwar ta auri wani, riƙon yana komawa hannun mahaifiyarta, wato Mama, kafin a gangaro kan dangin uba. Abin da muke cewa da an yaye yaro ya zama na gidan ubansa, al'adarmu ce kawai. Kotun Shari'a ta Magajin Gari da ta Rigasa irin wannan ƙarar ba baƙuwa ba ce a wurinsu, mai ƙaramin ƙarfi kuma tana iya neman taimako wurin hukumar ba da lauya kyauta ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Na kawo miki wannan ne don ki yi wa kanki wata tambaya, ke kaɗai, bayan kin idar da sallar dare. Da a ce gobe za a kawo miki yaran nan biyu, da kuɗin abincinsu da na makarantarsu duk wata ba fashi, za ki ci gaba da son komawa? In amsar e ce, to mijinki kike so, kuma babu abin kunya a ciki, ki daina fakewa da yara, ki faɗa wa Mama gaskiya. In kuwa kin ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinki, to yaranki kike so, kuma akwai hanyar samunsu da ba ta bi ta ɗakin auren ba. Ki sa zaman gida ma a cikin lissafi. Na san zawarci a gidan iyaye. Ɗakin da kika bari ƙannenki sun gaje shi, kina raɓe da goyo a gefen katifa, kayan ɗakinki suna cin ƙura a ƙarƙashin tamfol, ƙanwar da kika goya ta fara mayar miki da magana, ga masu sallama da dare waɗanda ba aure ya kawo su ba. Na ga mata da dama da suka koma ba don sun yarda mijin ya gyaru ba, sai don zaman gida ya ishe su. Gajiya ce ta gaske, ba na raina ta, amma ba ta isa ta sa ki kashe igiya ta biyu ba. In kuma kika gano ba kya son komawar, babu mai tilasta ki. Sahabiya Barira ma da Annabi (SAW) ya nemi ta koma wa mijinta Mugis, tambaya ta yi ko umarni ne, ya ce ceto yake yi kawai, ta ce ba ta da buƙatarsa, aka ƙyale ta.

Wani abin kuma, mutumin da yake kuka don yana son iyalinsa su haɗu, me ya hana shi kawo miki yaranki ku gaisa a wata biyar? Daga Rigasa zuwa Tudun Wada ba tafiyar kwana ba ce. Ba na so in yi masa mummunan zato, amma ki lura ko ana riƙe da su ne don kewarsu ta jawo ki.

Batun albashi shi ne tushen faɗan, kuma ban ga inda kika ce an warware shi ba. Dukiyar mace tata ce, sadakinta da gadonta da abin da ta samu da guminta. Fita aiki abu ne da miji da mata suke daidaitawa, in kuka yarda za ki riƙa sa hannu a cefane ko kuɗin makaranta, alheri ne kike yi, Allah ya ba ki lada. Karɓe katin banki kuwa wani abu ne daban. A cikin kukan da yake yi kullum, ya taɓa cewa ya janye wannan maganar? In bai ce ba, to ranar da albashi ya shigo a watan farko bayan kin koma, faɗan yana nan yana jiranku. Sharrin shaiɗan da yake faɗa na yarda da shi a daren farko, kowa yana iya zamewa. Wata biyar ba aike ba leƙe kuwa, wannan shawara ce da mutum ya yanke da hankalinsa. Ki sa yayanki ko wani namiji mai hankali a danginku ya bincika a natse me ya faru a watannin nan, me ya sa sai yanzu. In aure zai koma, ku yi gwajin jini ku biyun kamar yadda ake yi wa sababbin ma'aurata, kada kunya ta hana.

Ɗaurin auren ɓoye kuwa, a'a, kada ki ma bari a sake ɗauko miki zancen. Malaman Malikiyya raba auren da aka ce wa shaidu su ɓoye suke yi. Ko da an samu wanda ya lalubo muku wata kafa, ki duba abin da zai biyo baya. A garin nan aure ba ya ɓoyuwa, kafin sati wata ta gan ki a Kasuwar Barci ta kai labari. Kin haɗa Baba da ɗan'uwansa gaba, ƙila har su koma ga Allah ba sa ga maciji. Kin shiga gidan miji a matsayin wadda ta bar iyayenta saboda shi, ya kuma san haka, danginsa ma sun sani. Mutumin da ya kore ki da dare alhali ya san ubanki yana tsaye a bayanki, ranar da ya tabbatar babu kowa a bayan naki fa? In abin ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, wace ƙofa za ki ƙwanƙwasa? Ki kuma lura daga bakin wa shawarar ta fito. Ita ce hanyar da ba za ta sa shi durƙusa wa kowa ba.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a bi ta ƙofar da aka bi da farko. Ya fara kawo yaran. Ya lissafa ciyarwar iddar da ya tsallake ya aiko da ita ta hannun babba, ko Baba zai ce a mayar, a dai gani an kawo. Sannan ya zo da mahaifinsa ko wanda yake tsaye a matsayinsa, da limami ko wani dattijon da Baba yake jin nauyinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne, Suratun Nisa'i aya ta 35 cewa ta yi a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. A zauna a faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana, a yi maganar albashi, a yi maganar kora, a rubuta abin da aka amince a gaban shaidu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Wasu za su ce rubutu rashin yarda ne. Ai an taɓa yin yardar baki, ga inda ta kawo ku.

Zuwan manya yana da wani amfani da matasa ba sa lura da shi. Baba ya rantse, ƙila a gaban mutane. Ita rantsuwar a shari'a ba ta ɗaure shi ba, aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta faɗi kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Annabi (SAW) kuma ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Baba ya fi ni da ke sanin wannan, abincin mutum goma ba shi ne matsalarsa ba. Matsalarsa ita ce kada a ce dattijo ya yi magana, 'yarsa da yaron da ya kore ta sun sa ya lashe. In manya suka taka suka zo, ya samu abin faɗa: albarkacin wane da wane na haƙura. Ki bar masa wannan damar. Don haka ayar Baƙara da labarin Ma'aƙil ba daga bakinki za su fito ba, ba kuma ta saƙon waya ba. Malamin da yake girmamawa ko amininsa na masallaci shi zai faɗa masa, su biyu, ba a gaban yara ba.

Naki aikin ɗan kaɗan ne. Ki samu gwaggonki, ko wadda duk Baba ba ya iya yi wa musu a cikin 'yan'uwansa, ta raka ki. Ki durƙusa ki ce, Baba na san saboda ni ranka ya ɓaci, kuma na gode da tsaya mini da ka yi. Ba na so in taka ko'ina ba da albarkarka ba. Roƙona ɗaya, in sun zo da manyansu ka saurare su, in akwai abin da kake so ya cika ka faɗa musu. Daga nan ki yi shiru, ko me ya ce kada ki amsa. Ba na jin a watannin nan akwai wanda ya ce masa ya gode. Mama kuma ki same ta ku biyu a madafa ki tambaye ta, tsakani da Allah, me ta gani a shekara taran nan da ke ba ki gani ba. Uwa takan riƙe lissafin da 'ya ta manta, ranar da kika zo da idanu a kumbure kika ce mura ce, ranar da kika ranci kuɗin magani. Ta yiwu abin da za ta faɗa ya canza miki ra'ayi, ta yiwu kuma ki gane tsoron ɓacin ran Baba ne kawai ya sa ta bi bayansa, in haka ne kin samu mai taya ki daga cikin gida.

To in mutumin ya yi duk wannan, manya sun zo sun sake zuwa, bincike bai turo wani aibu ba, Baba kuma ya ce shi dai ya rantse? A nan maganar ta koma irin ta Ma'aƙil. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa bazawara ta fi waliyyinta haƙƙi a kan kanta. Alƙali yana da ikon kiran waliyyi ya ji dalilinsa, in babu dalilin da shari'a ta karɓa ya umarce shi ya aurar, in ya ƙi alƙalin ya ɗaura. Wadda ta bi wannan hanyar bayan ta ƙure sauran ba ta saɓa wa Allah ba, biyayya a cikin abin da yake daidai take, kuma Allah ba ya kama bawa da bakin da aka yi masa a kan halal ɗinsa. Amma ni ba zan gaggauta miki zuwa nan ba. Takardar sammaci a hannun uba ciwo ne da yake daɗewa bai warke ba, ko da ke ce da gaskiya. Ki ba shi watanni. Ki ci gaba da gaishe shi safe da yamma, ki kai masa ruwan alwala, ki sa jikokinsa su saba da zama kusa da shi. Mijin da yake sonki da gaske zai iya jiran wata shida yana zuwa gaisuwa duk Juma'a, jiran ma wani gwaji ne a gare shi.

Kiran dare ki tsayar da shi daga yau, haɗuwa a gidan ƙawa ko a hanyar makaranta kuma kada ki fara, mutanen da suka yi shekara tara a ɗaki ɗaya ba a ba su amanar keɓewa. Ki tura masa saƙo ɗaya ki ce maganar aure tana wurin Baba, ya zo da manyansa, kafin nan kuma kina son ganin yaranki. Ranar Juma'a yayanki ya je gidan mahaifiyar mijinki da sallama da ladabi ya ce an aiko shi ya ɗauko su su kwana biyu wurin uwarsu. In an ba shi su, a mayar da su ranar da aka yi alkawari, ko da ranki ba ya so. In an hana, ki rubuta ranar da abin da aka ce, ki ajiye tare da saƙon sakin.